Yadda Za Ka Haɗa Akwatin Kayan Gyara Idan Ka Sayi Jirgin Ruwa Na Hannu

Sabon injin jirgi yana fitowa daga kwali da 'yar jakar kayan aiki a gefensa: sifanar fulogi, filaya, sukudireba, fulogin canji, da igiyar tayar da inji ta ko-ta-kwana. Kafin injin ya bi hannu biyu ko uku ya iso gare ka, jakar nan ta daɗe da shigewa wani gida. Abin da za a miƙa maka a bakin ruwa, a Yawuri ne ko Malale, a Ibi ne ko Yeji ta ƙasar Gana, shi ne jirgi da inji da tanki, sai kuma "Allah ya sa alheri". Sauran hidimar taka ce.

Mota in ta mutu a hanya sai a gangara gefe a jira makanike. Jirgi kuwa in ya mutu, ruwa da iska ba sa jiran kowa, tafiya za su ci gaba da yi da kai zuwa inda ba ka nufa ba, ga kaya, ga mata da yara. Saboda haka aikin akwatin da za mu haɗa guda ɗaya ne: ya mayar da kai gaɓa. Kwance inji da canza fistan aikin makanike ne a kan tudu, kada ka cika jirgi da kayansa. Zan yi bayanin ne a kan jirgin katako ko na faiba mai injin baya, irin Yamaha Enduro mai doki 15 ko 40 da ire-irensa, waɗanda ake haɗa musu fetur da mai a tanki, domin su ne suka fi yawa a kogin Neja da Binuwai da tafkin Kainji.

Mataki na farko: ka fara da jirgin, kafin kasuwa

Kada ka je kasuwa ka ɗauko jerin sifanu mai guda arba'in don ka ga suna ƙyalli. Jirgin hannu ya sha gyara a hannun mutane daban-daban, kuma kowanne ya bar alamarsa. Inda kamfani ya sa noti mai lamba 10, wani ya ɗaura mai lamba 11 da ya cire daga babur. Wani ƙullin kansa ya cinye, wani an yi masa walda, wani wurin da waya aka ɗaure. Littafin injin, ko da ka same shi, bai san da wannan ba.

Ka ware yini guda. Ka jawo jirgin inda ruwa bai wuce gwiwa ba, ka kira makaniken da ya san irin injin, ka biya shi kuɗin yininsa, ya zo da nasa kayan aikin. Ku bi injin daga sama har ƙasa, duk ƙullin da mai yiwuwa ne wata rana ka kwance shi a tsakiyar ruwa, ku ɗora masa sifana ku gani. Wadda ta zauna daidai ka rubuta lambarta. Wanda ya cije ku jiƙa shi da man kwance tsatsa, ku kwance shi yau, a shafa giris a mayar. Wanda kansa ya lalace a canza shi. Ƙullin da ya gagari makanike yana tsaye a kan ƙasa, ba kai za ka kwance shi kana tangaɗi a kan igiyar ruwa ba.

A wannan ranar ce kuma za ka kwafi lambobin injin. Akwai ɗan faranti a jikin maƙalar da ke kama bayan jirgi, da samfurin injin da lambarsa. Ka ɗauki hotonsa a waya, ka kuma rubuta a takarda, haka ma lambar da ke jikin fulogi da wadda aka buga a jikin farfela. Da waɗannan ake sayen kayan canji. Wanda ya je shago ya ce "a ba ni na Yamaha 40" kawai, yana iya dawowa da abin da bai shiga ba, don mai doki 40 ɗin ma iri-iri ne.

In mai sayarwar yana kusa, ka tambaye shi cikin girmamawa: "Alhaji, yaushe rabon da a canza man giya? Robar famfon ruwa fa? Injin ya taɓa faɗawa ruwa?" Ka saurari amsarsa, amma ka ɗauka cewa duk abin da ba a canza a gabanka ba tsoho ne.

Mataki na biyu: ƙarafan hannu

Injunan Japan, wato Yamaha da Suzuki da Tohatsu, awon milimita suke bi, kuma lambobin da suka fi yawa a jikinsu su ne 8, 10, 12, 14 da 17. Ka sayi sifana mai baki biyu, gefe ɗaya buɗe ɗaya zobe, ta kowace lamba, sannan ka ƙara lamba 10 ta biyu, don ita aka fi ɗauka kuma ita ta fi faɗawa ruwa. In tsohon injin Amurka ne, kamar Johnson ko Evinrude, da yawansu awon inci ne, kuma sifanar milimita za ta riƙa zamewa tana cinye kan noti. Ka ƙara sifana mai daidaitawa guda, matsakaiciya, domin ƙullin da ba ka yi tsammani ba.

Sukudireba biyu mai faɗi, babba da ƙarama, da biyu mai kan gicciye. Mai faɗin babbar ka gwada ta a kan sukurorin man giya da ke ƙasan inji, ka tabbata bakinta ya cika tsagar taf, in ba haka ba tsagar za ta ɓare. Filaya ta gama-gari, filaya mai dogon baki, da filaya mai kullewa, wadda take cafke ƙullin da kansa ya cinye. Ƙaramar guduma, wuƙa mai kaifi, ƙaramin zarton ƙarfe, magagari, ɗan buroshin waya da guntun samfefa. Wannan ya isa. Ka sayi masu nauyi a hannu, ko da na hannu ne daga 'yan gwangwan. Tsohuwar sifana ta gaske ta fi sabuwa mai laushi wadda bakinta zai buɗe ranar da ka fi buƙatarta.

Mataki na uku: hanyar mai

A nan zan daɗe, domin mafi yawan mutuwar inji a kan ruwa daga mai take, kuma ita ce ta fi sauƙin gyara ga wanda ya shirya.

Ka bi hanyar da ido tun daga tanki. A murfin tankin akwai ɗan sukuru na shan iska. In yana rufe, injin zai yi tafiya kaɗan ya shaƙe ya mutu, tankin ya lotsa. Daga nan sai tiyo, sai ƙwallon roba da ake matsawa don tura mai, mai alamar kibiya wadda dole ta kalli wajen inji, sai mahaɗar da ke cafke a jikin injin, sai matatar mai, sai famfon mai, sai kafireta. A tsohon jirgi rana ta gama gasa tiyon nan da ƙwallon. Ka lanƙwasa tiyon: in ka ga tsattsage ko ya yi tauri kamar kara, iska yake ja. Ka matsa ƙwallon har ya cika: in bai yi tauri ba, ko dai ya mutu ko akwai inda ke yoyo. Shawarata ita ce ka sayi cikakken layi sabo, tiyo da ƙwallo da mahaɗa, ka ɗaura shi, sannan ka sayi na biyu ka naɗe a akwati. Canza layi gaba ɗaya aikin minti biyu ne, neman inda ya fashe kuwa yana iya cin awa. Ka ƙara kilif na ɗaure tiyo guda huɗu ko biyar masu girman tiyonka, da matatar mai ta canji.

Ruwa a cikin fetur shi ne babban abokin gaba, musamman ga mai sayen mai a jarka a kasuwannin bakin ruwa, da kuma lokacin damina. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka ƙasa yake kwanciya, daidai inda bututun tanki yake zuƙa. Ka ajiye kwalba mai haske, wadda ake ganin cikinta, busasshiya. In kana shakka, ka cire mahaɗar, ka matso mai a kwalbar, ka bar shi ya natsu. In da ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa, da layi a tsakaninsa da fetur ƙarara. A ƙasan kafireta akwai sukurun zubar da abin da ke cikin kofinta. Ka san inda yake tun yau, ka san sukudirebar da ke kama shi. Sassauta shi, tara tsumma, matsa ƙwallo har mai tsabta ya fito, ɗaure. Sau da yawa daga nan injin ke tashi. Mazurari mai raga da ƙyalle mai tsabta na tace mai su ma su shiga akwati.

Sai man haɗi. Yawancin irin waɗannan injuna kashi 50 na fetur ake haɗawa da kashi 1 na mai: mililita 20 a lita guda, mililita 200 a lita goma, rabin lita a tanki mai lita 25. Ka tabbatar da na injinka, don akwai masu wani awon daban, kuma injin da aka sa wa sabon fistan da ringi ana ninka masa mai a awannin farko. Ka nemi mai mai alamar TC-W3 a jikin gorar, shi aka yi domin injin da ruwa ke sanyaya shi. Baƙin man mota yana barin toka, yana toshe fulogi, yana sa ringi ya manne. Ka ajiye gorar lita guda a akwati wadda ba a taɓa ta sai an ƙure, da ɗan kofin awo mai zane. Awon ido shi ke kashe injuna: in ya yi yawa fulogi ya jiƙe, in ya yi kaɗan fistan ya kama, kuma wannan na biyun babu akwatin da zai cece ka daga gare shi. In injinka irin wanda ba a haɗa masa mai a tanki ne, mai ma'ajiyar baƙin mai a jikinsa, to man da ya dace da shi za ka ɗauka, ka riƙa duba sandar awonsa kafin kowace fita.

Mataki na huɗu: wuta

Fulogi sabo cikakken saiti, wato biyu ga mai silinda biyu, uku ga mai uku, kuma lambarsa ta zama wadda kamfani ya tsara wa injin. Kada ka dogara da wanda ka tarar a ciki, mai yiwuwa na janareta ne wani ya cusa. Makanike ya tabbatar maka. Ka bar su a kwalinsu, ka sa a leda ka ƙulle. Yawancin waɗannan fulogai sifana mai lamba 21 ke kama su, amma ka gwada taka a jikin injin, don wata tana da kauri ba ta shiga ramin.

Fulogi yana ba da labarin abin da ke faruwa a ciki. Bakinsa in ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, a bushe, lafiya lau. In ya yi baƙi ya jiƙe, mai ya yi yawa ko an daɗe ana tafiya a sulo. In ya yi fari fat, injin yana zafi ko mai ba ya isa, kuma wannan abin tsoro ne. In ka ga ɗigon ruwa a bakinsa, ko ya fito wanke tas alhali ɗan'uwansa na da datti, ruwa na shiga silindar, sai a nufi makanike. Wajen mayarwa, ka fara murɗa shi da yatsu har ya zauna, sannan ka ƙara rubu'i zuwa rabin juyi da sifana. Kan injin alminiyan ne, da zarar ka fara da sifana kuma zaren ya karkace, ka jawo wa kanka babban aiki.

Abu biyu ƙanana da ake mantawa. Na farko ɗan maƙalin roba na igiyar kashe inji, wadda matuƙi ke ɗaurawa a hannu. In maƙalin nan ya fita, injin ba zai ba da wuta ba ko za ka kwana kana ja. Ka sayi na canji. Za ka tarar a jiragen hannu da yawa an ɗaure maɓallin da waya an jefar da igiyar. Ka gyara shi, domin ranar da matuƙi ya faɗa ruwa, igiyar ce za ta hana jirgi ya ci gaba da gudu da mutane ba mai tuƙi, ko ya kewayo da farfela a kansa. Na biyu igiyar tayarwa. Wadda ke ciki takan tsinke ba sallama. Ka ajiye igiya mai ƙarfi, kimanin mita ɗaya da rabi, da ƙulli a baki ɗaya da guntun itace a ɗayan. Ana cire murfin injin, a kwance gidan igiyar, a maƙala ƙullin a tsagar da ke jikin babban faifan sama, a naɗe ta yadda hannun agogo ke juyawa, a fizga. Ka sa makanike ya nuna maka, ka yi da hannunka a gabansa. Ka kiyaye: in an cire gidan igiyar, abin da ke hana injin tashi a cikin giya ba ya aiki, don haka ka tabbata giya tana tsakiya, kuma ka janye hannun riga da rawani daga faifan.

In injinka mai tashi da maɓalli ne, ka ƙara fis na canji, guntun waya, salatif ɗin lantarki, da sifanar da ke kama kan batir.

Mataki na biyar: farfela da ƙafar inji

Tafkin Kainji, tun da aka kammala dam ɗin a 1968, ruwa ya rufe gonaki da dazuka, haka ma tafkin Bolta a Gana, inda kututturan itatuwa ke tsaye a ƙarƙashin ruwa har yau. In ruwa ya ja baya sai su matso kusa da sama. Ƙara da duwatsu, da tudun yashi da ke sauya wuri kowace shekara a Binuwai, da tsofaffin komaye da kainuwa. Duk wannan farfela ke fara gamuwa da shi. Farfelar canji tana da tsada, na sani, amma inji mai lafiya ba tare da farfela ba nauyi ne kawai a bayan jirgi. Ko tsohuwa ce da aka miƙe ta, ka samu guda. Lambar da ke jikinta, misali 11 1/8 x 13-G, tana nuna faɗinta, da nisan da take turawa a juyi ɗaya, da irin sandar da take shiga. Jirgin da ke ɗaukar buhuna ya fi son mai ƙaramar lamba ta biyu, don injin ya samu ya juya da sauƙi a ƙarƙashin nauyi.

Farfela ba ta tafiya ita kaɗai. Akwai wasa, wato ɗan faifan ƙarfe mai rami a tsakiya, mai kauri a bayanta, akwai wani a gabanta, akwai noti mai tsage-tsage, akwai ɗan fil mai baki biyu da ake sokawa a lanƙwasa don kada notin ya kwance. Ka sayi na canjin kowannensu, fil ɗin kuwa ka sayi da yawa. Dalili: ka kwatanta kanka ka ɗaga injin, ka sunkuya ta bayan jirgi, hannunka duk giris, jirgin yana lilo. Ka zare farfelar, wasan baya ya manne a jikinta ba ka lura ba, sai ka ji "culum". Shi ke nan. In ka ɗaura farfela babu shi, za ta riƙa gugar gidan giya. Saboda haka in da hali a tuƙa da filafili zuwa inda ƙafa ke taɓa ƙasa, in babu hali a riƙe bokiti ko a shimfiɗa zane a ƙarƙashin wurin aikin. Kafin a taɓa farfela a cire maƙalin kashe inji, a sa giya a tsakiya. Ka ajiye guntun katako da za a soka tsakanin fiffiken farfela da farantin da ke samanta, ya riƙe ta yayin da ake kwance noti. Ba a riƙe ta da hannu. Sifanar notin nan takan fi sauran girma, ka auna ta a ranar farko. Ƙananan injuna da wasu tsofaffi suna da ɗan ƙarfe a tsakiyar sandar wanda aka yi shi don ya karye in an bugi abu, ya ceci giya. In naka irin wannan ne, ka ɗauki biyar ko shida, kuma kada ka yarda a maye gurbinsa da ƙusa, don ƙusa ba ta karyewa a lokacin da ya kamata, sai haƙoran giya su karye a madadinta.

Manyan injuna roba ce a cikin cibiyar farfelar. In ta saki, za ka ji inji yana ihu amma jirgi ba ya gaba. A rage totur sosai, sau da yawa takan iya ja a hankali har gaɓa.

Duk mako ka zare farfelar ka duba bayanta. Zaren koma da na ƙugiya suna naɗewa a sandar, su shige ciki, su yanke robar da ke tare man giya. Daga waje ba a gani. Ka yanke su da wuƙa, ka shafa wa sandar giris mai jure ruwa, ka mayar. Sannan ka sassauta sukurun ƙasa na man giya ka ga ɗigon farko. In ya fito fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, kuma giyar tana kan hanyar lalacewa. Man giya mai lamba 90 ake sawa, ana canza shi kusan duk awa 100 na aiki, kuma daga ramin ƙasa ake ɗura shi har ya ɓullo ta na sama, a rufe na saman kafin na ƙasan. Ka ajiye gora guda da 'yan wasan da ke ƙarƙashin sukurorin biyu.

Mataki na shida: ruwan sanyaya inji

Da zarar inji ya tashi, idonka ya koma kan siririn ruwan da ke tsartowa ta gefensa. In babu, a kashe nan take. A ɗaga injin a duba ragar shan ruwa da ke gefen ƙafarsa, leda ko ciyawa kan like ta. In a share take, a zura siririyar waya ko zaren ƙugiya mai kauri a ramin tsartowar, don yashi kan toshe shi, zanzaro ma kan yi gini a ciki in jirgi ya daɗe a ajiye. Wannan guntun wayar ta samu wurinta a akwati. In duk an yi ruwa bai fito ba, robar famfon ce ta mutu. Kada a taɓa tayar da inji a kan tudu babu ruwa, ko na ɗan lokaci ne, robar tana ƙonewa cikin daƙiƙoƙi. A jirgin hannu ka sa a canza ta tun ranar farko, ka kuma ajiye sabuwa a akwati. Ba a tsakiyar ruwa za ka sa ta ba, sai an sauke ƙafar injin, amma a ƙauyen da ka samu ka isa za ka iya samun mai ɗaurawa ka rasa mai sayarwa.

Mataki na bakwai: jikin jirgin

Jirgin katako da na faiba ba kayansu ɗaya ba. Na katako yana son ƙusoshi masu tsawon da ya dace da kaurin allunansa, auduga ko tsumma na cusawa a tsaga, gwangwanin kwalta, ɗan ƙarfe mai faɗin baki na dannawa, guntayen kwano ko alminiyan, da yankakkiyar robar tayar mota. In allo ya fashe, a shimfiɗa roba, a ɗora kwano ko guntun katako a kai, a bi da ƙusoshi kusa da kusa. Ka fere turaku biyu ko uku masu tsini, girma daban-daban, na toshe rami. Kafin ka fara lodi, ka bi allunan da bakin sukudireba, musamman ƙasa da allon bayan da injin ke rataye a kai; duk inda ya nutse, katakon ya ruɓe, kuma wannan aikin kafinta ne yanzu, ba na akwati ba. Na faiba kuwa ruwan gam da ƙyallen gilashi ba sa kamawa a jiƙe, aikin gaɓa ne. Abin da zai taimake ka a kan ruwa shi ne irin gam mai kala biyu da ake cuɗawa da yatsu, wanda aka rubuta yana kamawa a cikin ruwa. Ka karanta kwalin kafin ka biya.

Kowane jirgi yana buƙatar abin kwasar ruwa biyu, yankakkiyar jarka ma ta wadatar, a ɗaure su da igiya. Filafili aƙalla biyu, gora doguwa, anka da igiyar da ta ninka zurfin inda kake bi sau biyar ko fiye, da wata igiyar daban ta ja. Anka ita ke ba ka lokacin yin gyara. In babu ita kana kwance fulogi ruwa yana kai ka kan dutse. Sannan igiya ko sarƙa da za ta ɗaure injin da jirgin, bayan maƙalansa biyu, don maƙalai kan sassauta da girgiza. In ƙaddara ta sa injin ya nutse aka ciro shi, a cire fulogai, a zubar da abin da ke kafireta, a ja igiya har ruwan silinda ya fita, a zuba mai a ciki, a yi ƙoƙarin tayar da shi a ranar. In ana jin yashi wajen juyawa, a bar shi a kai wa makanike da gaggawa.

Rigar kariya daga nutsewa ba kayan gyara ba ce, amma ba zan rubuta wannan in tsallake ta ba. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda hedikwatarta ke Lokoja, ta wajabta sa ta, ta kuma hana tafiyar dare da lodin da ya wuce kima. Wanda ya tuna hatsarin watan Mayun 2021 kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, inda jirgin katako ɗauke da mutum fiye da ɗari ya tarwatse a tsakiyar ruwa, ya san abin da ake magana a kai. Riga ga kowane rai da ke cikin jirgin, har da masu girman yara, kuma a jiki, ba a ƙarƙashin buhuna ba. Ka haɗa da tocila mai ɗaurawa a goshi da batir na canji, usur, tukunyar kashe gobara mai hoda, domin ruwa ba ya kashe wutar fetur, da ɗan kayan ɗaure rauni. Waya a cikin leda mai rufewa, da lambar makanike da ta shugaban 'yan fito na tasharku a rubuce a takarda.

Mataki na takwas: ma'aji da gwaji

Akwatin ƙarfe yana tsatsa, yana kuma nutsewa. Robar fenti mai lita 20 da murfinta mai kamawa ta fi shi: ba ta shan ruwa, tana yin iyo in an rufe ta da kyau, ga ta kujera. Ka kasa kayan gida biyu. Ƙaramar jaka kusa da matuƙi mai ɗauke da sifanar fulogi, fulogai, filaya, sukudireba, wuƙa, waya, igiyar tayarwa da maƙalin kashe inji. Sauran su zauna a babbar roba, a ɗaure ta da jikin jirgi, a wurin da lodi ba zai danne ta ba. Kowane ƙarfe a goge shi da tsumma mai mai kafin a mayar, a naɗe a ƙyalle. Ƙananan abubuwa a robobin magani masu murfi, kowace da sunanta. Sifanun da ake aiki da su ta bayan jirgi a ɗaura musu siririyar igiya mai shiga wuyan hannu. Ka shafa musu jan fenti a mariƙi, don a tashar jirgi aro ba ya ƙarewa, kuma hana maƙwabci ba halinmu ba ne. Fentin zai sa a san naka. Ka rubuta jerin kayan a cikin murfin, ka duba shi ranar da ba kasuwa, abin da aka yi amfani da shi a mayar da gurbinsa kafin fita ta gaba.

In kuɗi bai kai a sayi komai lokaci guda ba, ka fara da rigunan kariya, filafili, abin kwasar ruwa da anka. Sai ƙaramar jakar matuƙi. Sai layin mai na biyu da fil da notin farfela. Farfelar canji da robar famfo su biyo baya da ribar makonnin farko.

Daga ƙarshe sai gwaji, kai da yaron jirginka, a inda ruwa bai wuce ƙugu ba, makanike yana tsaye yana kallo bai sa hannu ba. Da kayan akwatin kaɗai ku canza fulogi, ku zubar da kafireta, ku sauya layin mai, ku cire farfela ku mayar, ku tayar da inji da igiyar ko-ta-kwana. Duk inda kuka tsaya kuna neman wani abu a jakar makanike, ku rubuta shi a saya. Sannan ka koma gefe ka bar yaron ya maimaita shi kaɗai daga farko, domin akwai ranar da kai za ka riƙe filafili kana daidaita kan jirgi, shi kuma yana kan injin.